Ruwan Ginin Murhun Shara

"Zali, tulu guda kaɗai… Ƙasar ta bushe mini a hannu!"

Zalihatu ta tsaya cak da tulu a ka. Sama'ila magini ne a gabanta, laka har gwiwa, yana yi mata kallon nan da ya saba narkar mata da zuciya. Bayansa ga katangar tubali ta kai ƙugu.

A hankali ta sauke tulun. Har ya fara murmushi.

Sai ta karkata shi, ta tuttular da ruwan cikin yashi tas!

"Zali! Mi na yi miki?"

"Gara yashi ya shanye, Magini."

Ta juya da sauri, don kada ya ga hawayen.

A lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Dogon Dutsi na ta cika da 'yan kasuwa da ma'aikata, shara kuwa ta yi wa gari yawa. Sai Tukur, mai kula da tsabtar gari, wanda ake kira Mushe Tukur, wato Malam da Faransanci, ya ce a gina ƙaton murhu a riƙa ƙone sharar kasuwa a ciki, da ƙaho da kofato na mahauta, har da tsummokaran gidan likita. Wurin da aka zaɓa kuwa dab yake da rijiya, iska kuma in ta taso daga can, rugar su Zalihatu take nufa kai tsaye.

An kai kuka, aka ce an riga an yanke. Maza suka yi ta taro ƙarƙashin gawo, magana ta ƙi ƙarewa. Mata kam a bakin rijiya suka gama tasu. Gini ba ya tashi sai da ruwa, ruwa kuma a kan mata yake zuwa. To, ba mai kai wa murhu ko ɗigo!

Ga inda abin ya yi wa Zalihatu ɗaci: maginin da aka ba aikin shi ne wanda danginsa suka kawo wa mahaifinta goron neman aurenta.

Tana shiga ruga ta ji tarin Inna Gambo, mahaifiyarta. Inna na da ciwon fuka, ko hayaƙin girki sai an kai ta inuwar nesa. Baffa Jibo, mahaifinta, na zaune yana tufka igiyar maraƙi, ƙunshin goron Sama'ila a gefensa, ba a ko kwance ba.

"Ɗiyata, zo ki ji," in ji shi. "Ran da murhun nan ya tashi, goron ga ya koma inda ya fito."

"Baffa…"

"Ba ni ba da ɗiyata ga mai hura wa uwatta hayaƙi. Na gama."

Ta shiga bukka ta rungume Inna, tana jin ƙirjin tsohuwar na kuka kamar ƙaramar kyanwa.

Gini ya tsaya. Mata suka fara guɗa a bakin rijiya.

Sai ga Lantana.

Lantana ɗiyar mai sayar da tuwo ce a kasuwa, ta daɗe tana zuba wa Sama'ila nama fiye da na kowa. Ta zo ta cika tulu, ta wuce wurin gini tana rangwaɗa, ta dawo, ta sake cikawa. Kafin rana ta take, randunan gini sun cika fal.

"Lantana, ba ki jin kunya?" wata tsohuwa ta tambaye ta.

"Kunyar mi, Iya? Mutum na aikin gwamnati, wadda ta ce tana son shi ta bar shi da ƙishi." Ta harari Zalihatu. "Ya ce ruwana ya fi sanyi ma."

Guga ya kusa kuɓuce wa Zalihatu cikin rijiya.

Da la'asar Sama'ila ya tare ta a hanyar ruga.

"Hasken idona, ki tsaya ki ji ni…"

"Je ka, mai ruwan sanyi na jiranka."

"Wallahi ban faɗi haka ba! Ban ma roƙe ta ba. Zali, wannan ne aikin gwamnati na farko da na samu. In na ƙi, wani za su kawo ya gina, ni kuma a manta da ni. Da mi zan riƙe ki?"

"Da mi za ka riƙe ni in Inna ta tafi?"



"Ban ce ka so ni fiye da aikinka ba," ta ƙara da cewa. "Ka zo dai ka zauna kusa da ita in tarin ya taso. Sannan ka koma ka ɗora tubalinka."

Ta tafi ta bar shi tsaye.

Washegari da hantsi katanga ta kai ƙirji. Masu amalanke tuni sun fara jibge shara a gefen ginin, tana jiran murhu. Mata na bakin rijiya suna kallo, Inna Gambo ma ta lallaɓo ta zauna kan kututture.

Lantana ta fito daga kasuwa da garwashi a kasko.

"Kuna ta cewa hayaƙi, hayaƙi!" ta ɗaga murya. "Bari ku gani in yana kisa!"

Kafin Sama'ila ya diro daga kan katanga, ta watsa garwashin cikin tarin sharar.

Wuta ta kama busassun tsummokara. Ƙaho da kofato suka fara ƙauri. Baƙin hayaƙi ya tashi, iska ta kwantar da shi, ya rufe bakin rijiya.

Yara suka fashe da kuka. Mata suka toshe hanci da zane.

"Inna! Inna!"

Inna Gambo ta zame daga kan kututture, baki buɗe, tana neman numfashi ba ta samu. Zalihatu ta yi ta jan ta, ta kasa ɗaga ta.

"Wayyo Allah, ku taimake ni!"

Wasu hannuwa masu laka suka ture nata. Sama'ila ne. Ya saɓi Inna a kafaɗa ya ruga da ita har gindin gawo, inda iska ke da tsabta. Ya kwantar da ita, ya koma da gudu.

Ya tura randar farko ta kife kan wutar. Ya tura ta biyu.

"Sama'ila, ruwan gininka ne!" Lantana ta yi ihu. "Wuyana ya kusa karyewa saboda shi!"

Bai ko dube ta ba. Sai da randunan suka ƙare kaf, wutar ta mutu tana huci.

Can Inna ta ja numfashi mai tsawo, ta yi tari, ta buɗe ido.

Mushe Tukur ya iso kan kekensa, ya ga laka da toka ko'ina.

"Magini, wannan wace irin ɓarna ce?"

"Mushe, ka yi haƙuri. Hannuna ba ya ƙara ɗora tubali a nan."

"Ka san abin da kake faɗi? Aikinka fa!"

"Na sani."

Mushe Tukur ya dubi tsohuwar da ke kwance, ya dubi yaran da idanunsu suka yi ja. Shi kansa tari ya sarƙe shi.

"To shara fa? Mu bar ta ta cinye gari?"

"Akwai tsohon ramin marmara bayan dutse," in ji Sama'ila. "Ba gida, ba rijiya, ba ruga."

"Ba ruwa kuma!" in ji Mushe Tukur. "Wa zai kai maka ruwan gini har can?"



Zalihatu ta saki hannun Inna. Ta miƙe, ta je bakin rijiya ta zura guga, ta cika tulunta, ta aza a ka. Tsohuwar nan da ta tsawata wa Lantana ta ɗauki nata. Sai wata, sai wata, har layi ya miƙe.

Mushe Tukur ya girgiza kai. "Sai na kai wa kumandan mai mulkin gari maganar," ya ce. Amma da ya hau keke, hanyar bayan dutse ya fara bi.

Kumandan ya amince, a can aka gina murhun. Hanya ce mai nisa da duwatsu, mata suka yi ta mita, amma randa ba ta taɓa bushewa ba. Lantana kuwa ta daɗe ba ta zo rijiya sai in ba kowa.

Ran da aka ɗora tubalin ƙarshe, Baffa Jibo ya zaro wuƙa ya yanke igiyar ƙunshin goro, ya ce a raba wa ruga duka. Inna Gambo ce ta fara ɓantara.

Zalihatu ta isa bayan dutse da tulu a ka. Sama'ila ya sauko yana share gumi.

"Zali, an gama gini. Wannan ruwan na mi ne?"

Ta sauke tulun. Ta karkata shi…

"Kai! Kada dai kuma!"

Ta yi dariya har da hawaye, ta tsiyaya masa a ƙwarya, ta miƙa da hannu biyu.

"Sha, Magini. Wannan naka ne."