Wushiryar da Aka Ɓoye wa Tela

A layin rigakafin korona ya fara ganinta. Takunkumi ya rufe komai sai idanu, amma idanun sun ishe shi. Tela guda, mai yini da allura a hannu, sai da ya runtse ido kafin ta soka masa.

"An gama, jarumi," in ji nas ɗin, tana danne dariya.

Kafin allura ta biyu har ya fara zuwa zance. Sai dai kullum a waje take shimfiɗa masa tabarma, ta zauna can gefe, fuska a rufe.

"Haba Zumata, ba duk mun yi rigakafin ba?"

"Rage haɗari yake yi, Telana, ba ya kore shi duka."

A gida ma ba sauƙi. Innarsa, da ciwon ƙoda ya kwantar, cewa ta yi, "Yarinyar da ke yini cikin masu tari za ka kawo min?"

Wata rana ya kai mata takunkuman da ya ɗinka, har asibiti. Ta tagar ɗakin hutu ya hango ta, fuska a buɗe, tana shan shayi da mai ba da magani, wani dogo mai gyararren gemu. Dariya take yi, wushiryarta a fili. Wushiryar da shi sai a hoton waya yake gani, ga wani yana kallonta a ɓagas. Kishi ya turnuƙe shi. Ya bar ledar wajen mai gadi ya koma shago, ranar hannun riga a baibai ya ɗinka.

Ya tura mata saƙo: "Na ga mai rabon ganin fuskar. Allah ya sa alheri."

Amsarta ba ta jima ba: "Shi lafiyayye ne, kuma shi kaɗai yake zaune. Kai daga wurina ɗakin Inna kake wucewa, kai ke ba ta abinci a baki. Mai irin ciwonta ko an yi mata allura garkuwarta ba ƙarfi. In na kwaso wani abu ka kai mata, da wane ido zan kalle ka? Shi kuwa ya nemi aurena, na ce an riga shi."

Kunya ta kama shi, amma kishin bai tafi ba. Wato har ma ya nema.

Ya karanta wa Inna saƙon. Ta share ido.

"Kira min kawunka. Wannan tun ba ta shigo ba take jinyata."

A tsakar gida aka ɗaura auren, mutane kaɗan, iska na kaɗawa. Amarya sai da ta yi gwaji kafin ta tare. Mai ba da magani ya zo taya murna, ango da kansa ya kai shi kujerar ƙarshe, wai saboda ba da tazara.

Daga bakin ƙofa Inna ta ɗaga hannu.

"Yadda kika tsare ni, 'yata, Allah ya ba ki masu tsare ki."