Randar Auren Zaza

Ana shirye-shiryen auren Zaza aka bugo waya ofishin 'yan sanda na garin Telavi. Sufeto Tamaz ne ya ɗauka.

"An sace mini giya," in ji tsoho Otar, uban ango.

"An kwashe randar ne, Kawu?"

"A cike take har wuya."

"To me aka sace?"

"Kai ɗan nan, taso ka zo, ka daina yi mini tambayar makaranta."

A ƙauyen su Otar aka haifi Tamaz, don haka ya san randar da ake magana. Shekarar da aka haifi Zaza, Otar ya cika ta da jar giyar inabi, ya liƙe bakinta da yumɓu a ƙasan ɗakin randuna, ba za a buɗe ba sai ranar auren yaron. Shi kuwa Zaza ya yi ta jan ƙafa, sai da furfura ta leƙo masa sannan ya samo mata.

Ɗakin na nan yadda Tamaz ya san shi yana yaro: sanyi, ƙamshin danyar ƙasa, bakunan randuna jere a daɓe. Otar ya ɗebo a ƙoƙon yumɓu ya kai bakin ƙofa wurin haske.

"Duba launin nan. Tsohuwar giya ja take komawa kamar bulo. Wannan baƙa ce wuluk, yarinya ce. Inabin da na zuba na gonar mahaifin Lamara ne, girbin ƙarshe kafin titi ya cinye gonar. Ita ta tsinke shi da hannunta, da jariri a gefe." Lamara matarsa ce, ta daɗe da rasuwa.

Tamaz ya tsuguna ya duba ɓawon yumɓun da aka fasa. Liƙi ne mai kyau, ba tsaga ko ɗaya, amma kashi-kashi ne, sabo a kan tsoho. An sha buɗe randar nan, kuma kowane karo an mayar da ita cike.

Wanda kowa ke zargi shi ne Gela, mijin 'yar Otar, mutumin da ba ya wuce buɗaɗɗiyar kwalba bai gaishe ta ba. Tamaz ya same shi yana wanke mota.

"Ni? Ban taɓa taka ɗakin nan ba, ranka ya daɗe."

"Jarkar da ke bayan motarka fa? Ruwan sama ne ya cika ta?"

Gela ya sosa ƙeya. "To, ina ɗan ɗiba a randar yau da kullum, wannan ai hakkin suruki ne. Amma ta Zaza? Ni da ko tayar keke ban iya liƙewa ba? Kuma idan na sha abu, ban taɓa mayar da madadinsa ba."

Wannan kam gaskiya ce, duk ƙauyen shaida ne.

"Idan tsohon ya tafi birnin Tbilisi lokacin sanyi, wa yake bar wa makulli?"

"Wan matarsa mana. Shalva."

Tamaz ya san shi sarai. Shalva ne ya riƙe shi ranar da aka yi masa baftisma, shi ya koya masa datse reshen inabi bayan mahaifinsa ya rasu.

Ya koma ɗakin randuna shi kaɗai, ya ɗebi giyar ya shinshina, ya kurɓa ya riƙe a baki. Otar taba ta daɗe da kashe masa harshe, amma na Tamaz lafiya lau. Ga ɗan ɗacin nan na kararen inabi da mutum ɗaya kawai yake bari a randa har bazara. Giyar da aka fara ɗanɗana masa ke nan a duniya, a ƙarƙashin rumfar Shalva, ana yi masa dariya don ya yamutsa fuska. Da ma bai kurɓa ba.

Ya tarar da Shalva a ƙarƙashin rumfar, yana gyaran wuƙar datsa.

"A'a, babban ɗan sanda! Yau ka tuna hanya?"

"Baba, randar Zaza aka taɓa."

"Na ji. Ni rabona da ɗakin nan tun rasuwar Lamara. Makullin kawai nake ajiyewa."

Tamaz ya zauna, ya kawar da kai. "Ko wane ne, ba ɗan gari ba ne. Bai san aiki ba. Ya bar randar rabi, ya cike da ruwan rijiya, iska ta shiga, duk ta yi tsami. Sai dai a zubar."

Wuƙar ta faɗi daga hannun tsohon.

"Ƙarya ne! Ruwa? Mafi kyawun giyata nake zubawa, har wuya, ko yatsa ba zai shiga tsakaninta da murfi ba! Wa ya ce ta yi tsa..."

Sai ya gane ya tona kansa. Ya kalli Tamaz, sannan ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ni na koya maka kafa tarkon tsuntsu, ko ba haka ba?"

"Me ya sa, Baba?"

"Gonar ubana ce, Tamaz. Yau motoci ke gudu a kanta. Bayan mun binne Lamara na roƙi Otar ƙoƙo ɗaya, ya ce sai auren Zaza. Na jira, na jira, yaron nan ya ƙi aure, ni kuma ga kabari yana matsowa. Na ce tulu ɗaya kawai. Sanyi ya zagayo na sake komawa. Ba zan iya barin randa da iska a ciki ba, sai in cike. Ban ankara ba, tawa ta cinye tasu."

"Otar ya shigar da ƙara. Dole mu tafi ofis."

"Na sani. Miƙo mini hulata."

Tamaz bai fito da ankwa ba. Ya riƙe masa hannu kamar mai raka tsoho coci.

Otar na tsaye a ƙofar gidansa da sanda. Da ya gan su ya fahimci komai. Tamaz ya shirya jin zagi, amma tsohon sai ya matso kusa da Shalva.

"Shalva," ya ce a hankali. "Ni ban taɓa sa ta a baki ba. Yaya take?"

Shalva ya cire hular.

"Da farko tana da faɗa, tana kama harshe, kamar mai ita, Lamara. Daga baya ta yi laushi. Ƙamshin busasshen 'ya'yan itace, da ɗan hayaƙi, irin na tsakar gidanmu da yamma idan Inna ta hura tanderu. Ka haɗiye ta wuce, amma tana nan a bakinka. Ban taɓa shan irinta ba, Otar. Ka iya aiki."

Otar ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa.

Tamaz ya buɗe wa Shalva ƙofar mota. Ba ta baya ba, ta gaba.