Sunan da Sauda Ba Ta Kira

Daga Rogo har Ƙaraye babu wanda ya san halin yara kamar Malam Isyaku. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ga digirinsa na koyarwa rataye a bango saboda masu gardama. Ɗa dai bai taɓa haifa ba. Ko auren ma bai yi ba tukuna.

Auren yake nema wurin Sauda, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, Halliru da ƙanwarsa Mero. Tana son Malam, son da har haushi yake ba ta. Amma Inno, mahaifiyarta, ta gama magana: in za ta yi aure, a kai yaran wurin baffansu a Kafin Dafga, don ba kowane namiji ke riƙon agola ba. Sauda kuwa ta ce ba za ta shiga gidan da babu shimfiɗar 'ya'yanta ba. Duk sanda ta ɗauko zancen, sai Malam ya gyara gilashi ya ce, "Za mu nazarci lamarin."

Ranar Juma'a da la'asar ya kwashe su zuwa bayan garin Ƙaraye, inda ma'aikatan madatsar ruwa suka bar lilo biyu da wani faffaɗan siminti mai gangara. Yaran gari sun gaje wurin. Kowa da katakonsa mai ƙafafun boris, a zauna a kai a saki jiki, ya kwasa da ƙara kamar injin niƙa. A ƙarshen gangaren akwai lambatu mai zurfi, don haka gwanaye kan karkata kafin su isa.

Mero ta haye lilo. Halliru ya aro katako.

"Malam, yaron nan bai iya ba fa," in ji Sauda.

"Sauda, hasken idona, kuskuren iyaye ke nan. Bincike ya nuna a bar yaro ya faɗi. Faɗuwa makaranta ce."

"To. Ni kuma tawa makarantar yaushe za a tashi? Baffansu ya aiko, bayan Sallah zai zo ya ɗauke su."

"Ai na ce miki muna nazari..."

"Nazari! Tun damina kake nazari, har an cire gyaɗa!"

"Rabin raina, gaggawa ba..."

Bai ƙarasa ba. Wani yaro ya tura Halliru da ƙarfin tsiya, katakon ya miƙe sak ya nufi lambatu. Halliru ya ƙanƙame, idonsa a rufe.

Sauda ta miƙe tsaye. Ta buɗe baki, amma sunan ya ƙi fitowa.

"Kai! Kai, wannan yaron...!"

Yara wajen goma suka waiwayo. Banda shi.

"Halliru! Buɗe ido! Halliru, karkata!"

Muryar Malam ce. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, babbar riga ta cika da iska. Mutumin da ko alli ya faɗi sai ya sa ɗalibi ya ɗauko masa, shi ne ya sha gaban katakon ya tare shi da ƙwaurinsa. Suka zube tare a bakin lambatu, yaron a ƙirjinsa.

Sauda ta iso da gudu. Ba ta taɓa yaron ba, ta dai tsaya tana ƙirga gaɓoɓinsa da ido.

"Haba Sauda!" Malam yana haki, gilashi a karkace. "Ki kira sunansa mana! 'Wannan yaron' wane ne a cikin yara talatin?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan fari ne, Malam. A gidanmu ba a faɗa. Tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakina ba... Babansa ne yake kira."

Hawaye ya sauko mata, ta sa bakin mayafi ta tare.

Malam ya yi shiru. Wannan ma abin tarihi ne. Ya dubi yaron da har yanzu bai saki rigarsa ba.

"To a Kafin Dafga wa zai kira shi?"

"Oho."

"A'a. Wannan ba tsari ba ne." Ya share maƙogwaro. "Ki gaya wa Inno ina nan tafe gobe, da baffan ma zan yi magana. Ke ki ci gaba da kunyarki, masoyiyata. Kiran suna aikina ne daga yau. Su biyun duka."

"Har ka gama nazarin?"

"Na gama."

Dariya da kuka suka haɗe mata. Daga kan lilo Mero ta ƙwala ihu, "Malam, zo ka tura ni!"

Ya tashi. Sauda ta ga yadda ya cije leɓe da ƙafar ta taɓa ƙasa, ta ga jini ya fara ɓullowa ta farin wandonsa.

"Ka ji ciwo?"

"Ni? Ko kaɗan."

Ya saki babbar rigar ta rufe wurin, ya ɗingisa zuwa lilon, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya yana tura Mero har aka kira magariba.