Hudar Tsakiyar Bargo

A wani zamani an yi wata mai ɗinki wadda ba ta zubar da ƙyalle. Jajaye tana ajiyewa a kwando, baƙaƙe a tukunya, masu zane a adaka. Da su ta daɗe tana haɗa bargo.

Ran nan maƙwabciyarta ta shigo a guje. "Yaya, ɗana ya ɓace a kasuwa! Masu nema sun tambayi irin rigarsa, na kasa kwatantawa. Ke kika ɗinka!"

Mai ɗinki ta zazzage kwando, babu ragowar yadin. Ta zazzage tukunya, babu. Ta zazzage adaka, babu. Ga rana tana neman faɗuwa.

Sai ta hango ƙyallen a tsakiyar bargonta, ɗinke tsaf. Ta sa almakashi ta cire shi, ta yayyanka, aka raba wa masu nema.

Wani mai rake ya duba ya ce, "Ai mai rigar nan yana barci a rumfata."

Bargon har ya tsufa da hudarsa. In an ce ta toshe, sai ta ce, "Ku bar ta. Ta nan yaronmu ya dawo."