Jiniyar Gidan Injiniya

Magariba ta kawo jiki, layin ya yi tsit, kowace uwa ta kora 'ya'yanta ciki. Maman Auta tana kishingiɗe a falo da waya a hannu, suna ta ja-in-ja da wata mai son sayen mayafi, sai ta ji dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, ya gangara a hankali har bakin indararo, amma ba ta ji saukarsa ƙasa ba. A nan ne ta lura cewa ƙarar suyar da take jiyowa daga bayan kicin ta ɗauke.

Abin da ya kai suya bayan kicin ba abin alfahari ba ne. Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya, sana'arsa saka wa mutane na'urorin tsaro a gidaje. Da suka tare a wannan gida ya maƙala wata farar na'urar gano hayaƙi a silin ɗin kicin, daidai saman murhu, ya haɗa ta da jiniyar da ke bangon waje. Ya fi kowa sanin cewa na'ura mai jin zafi ake sa wa kicin, mai jin hayaƙi kuma can a baranda take zama, nesa da kasko. Ita ce dai ta rage masa a jaka ranar, ya ce zai canza, kuma har yau canzawar yake yi.

Ita kuwa Maman Auta hannunta da daɗi, amma waya ta raba mata hankali biyu. Ta aza mai, ta koma ciniki, albasa ta yi baƙi, jiniya ta ɗauka. Maƙwabta su fito da bokitai, su tarar ba komai sai ƙauri. Ranar farko an yi dariya. Da abin ya yi yawa, matar direba da ke gida na kusa ta leƙo tana cewa, "Yau kuma me muka ƙona, maƙwabciya?" Kunya ta rufe ta, bakinta ya riga hankalinta: "Yarinyar nan ce, ba ta da natsuwa." Auta tana tsaye a wurin, budurwa mai shirin gama sakandare, ta sunkuyar da kai. Daga ranar duk ƙaurin gidan ya zama nata, har ubanta ya riƙa yi mata faɗa a gaban mutane. Ƙarshe uwar ta sayi ƙaramin risho ta ajiye a lungun bayan kicin, kusa da kwata, inda hayaƙi ba ya isa ga na'urar. Ta mayar da suyar yamma can, ta ɗora wa Auta, ta ce kar Baba ya ji.

A wannan magaribar Maman Auta ta zagaya lungun, ta tarar da yarinyar a tsaye a bakin kwatar, kasko a hannu babu mai a ciki, tururi yana tashi daga ƙasa. Idanunta a buɗe, ba ta ƙiftawa.

"Auta, me kika tsaya yi?"

Ba ta juyo ba. A daidai lokacin jiniya ta ɗauka, alhali ko ashana ba a ƙyasta a kicin ba.

Injiniya ya dawo ya kashe wutar gidan, ya hau kujera ya zare batirin, ya sauko da na'urar ya ajiye a kan tebur. Ta ci gaba da kuka a gabansa, ba waya ba batir. Ba wanda ya fito da bokiti, don layin ya daɗe da daina kula jiniyar gidan. Da kukan ya tsaya ya mayar da ita silin ɗin kicin.

Haka aka shiga kwanaki masu nauyi. Da rana Auta tana kwance kamar mai zazzaɓi, asibiti sun duba sun ce ba su ga komai ba. Da rana ta yi ja, duwatsu su fara sauka a kan kwano, a ji kamar ƙaramin yaro yana shessheƙa a lungun nan, ita kuma ta tashi zaune tana hura bayan hannunta tana cewa da zafi, da wata murya mai kauri. Ta rame, wuyanta ya fito. Gwaggonta, yayar Injiniya, ta zo ta tare a gidan, kuma tambaya ɗaya take maimaitawa: me ya kai yarinya lungu da magariba? Maman Auta ta ce ba ta sani ba. Rishon ta riga ta tura shi ƙarƙashin gado. Tana kallon 'yarta tana narkewa, tana jin tsoron rasa ta har cikin ƙashi, amma duk lokacin da ta buɗe baki sai kunya ta danne maganar.

Gwaggo ce ta kawo malamin, wani dattijo siriri mai sanyin murya. Ya zo bayan la'asar, ya zagaya gidan, ya daɗe a tsaye a bakin kwatar. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka lulluɓe Auta, Gwaggo da matar direba suka riƙe mata kafaɗu. Ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Hasken taga yana raguwa, muryarsa tana ƙaruwa, har yatsun ƙafar yarinyar suka fara karkarwa.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni a kan ƙuna."

Muryar tsohuwar mace ce ta fito daga bakin Auta.

"Wace ce ke, me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"Mun riga su zama a nan. A kusurwar kicin nake da ɗana, ba mu taɓa ko cokalinsu ba. Uban yarinyar nan ya rataya mana abin ihu a ka, kullum yaro a firgice. Na ce gida nasu ne, na kwashe na koma lungu. Sai suka biyo mu da wuta. Ɗana yana wasa a bakin kwata aka juye masa tafasasshen mai, ko bisimilla babu."

"Ba ta gan shi ba," in ji malam. "Wanda bai sani ba, ba a kama shi da laifin ganganci. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Zan zauna har fatarsa ta warke."

"Ba za ki ƙara kwana ba."

"To a ba ni hannun da ya aza rishon."

"Ba a ba ki ko farce."

Ya koma karatu. Jikin Auta ya banƙare, matan biyu suna riƙe da ita da kyar, duwatsu suna zuba a kan kwano kamar ƙanƙara. Injiniya ya dubi matarsa, ya ce a hankali, "Wane risho?"

"Tsaya, malam, zan fita," in ji muryar, tana haki. "Abu biyu. A raba kicin da abin ihun nan. Sannan uwarta ta faɗa da bakinta wa ke ƙona girki a gidan nan, wa kuma ya tura yarinya lungu. Ina kusurwa ina kallo. Ni da ba mutum ba, na ji tausayin yarinyar nan a raina kafin in taɓa jikinta."

Malam ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ba na karɓar sharaɗi daga irinku. Amma gaskiya ba taki ba ce, hakkin yarinya ce. Wanda ke riƙe da ita ya sauke."

Duwatsun suka tsaya. Maman Auta ta ji idon matar direba a gefen fuskarta, ta ji na Gwaggo, ta ji na mijinta. Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta dubi wuyan 'yarta da ya rame, ta durƙusa.

"Ni ce. Ko sau ɗaya Auta ba ta taɓa ƙona komai ba. Ni ke barin mai a wuta ina waya. Na ji kunyar mutane na ɗora mata. Ni na sayi risho, ni na tura ta can, na ce kar ta gaya maka. Yana ƙarƙashin gado."

Gwaggo ta buɗe baki, malam ya ɗaga mata hannu. Injiniya ya dubi tabarma.

"Na san kicin ba wurin na'urar nan ba ne tun ranar da na sa ta," ya ce. "A gidan mutane ba na yin haka. Gobe zan mayar da ita baranda."

"Yau," in ji muryar.

"Yau ɗin."

Malam ya sa ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafa. Ƙafar hagu ta miƙe, ta yi rawa, ta saki. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya yi laushi a hannun matan. Daga lungun aka ji kamar ana lallashin yaro, sautin yana nisa har ya ɓace.

An shafa mata ruwa a fuska, ta buɗe ido. Ta dubi baƙon dattijo, ta dubi maƙwabciya, ta ja mayafi ta rufe kanta. Sai ta ga uwarta a durƙushe tana hawaye, ubanta a tsaye a kanta fuska a murtuke. Ba ta san abin da aka faɗa a ɗakin ba. Ta yunƙura da kyar, ta kamo gefen rigarsa.

"Baba, don Allah kar ka yi wa Mama faɗa. Ni na zubar da man."

Matar direba ta kawar da kai. Maman Auta ta so ta rungume ta, amma hannun ya ƙi ɗaguwa, sai ta kifa fuskarta a kan ƙafafun 'yarta ta fashe da kuka.