Ruwan Injin Lauwali

Shekarun da aka samu mulkin kai, wani ɗan kwangila ya karɓi aikin haƙa rijiya mai zurfi a wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe. Injinsa guda ne, tsoho, mai zuƙe ruwa daga ƙasa don mahaƙa su samu wurin aiki. In ya mutu, sai an jira mai gyara daga Kaduna, kuma ba a san ranar zuwansa ba.

Wani ma'aikaci mai suna Lauwali ke kula da injin. Yana goge shi kamar doki, yana tace gas da ƙyalle kafin ya zuba, yana sauya baƙin mai tun bai yi kauri ba. Akwai tukunyar ruwa a kan injin mai sanyaya shi. Ruwan wurin mai kanwa ne, in ya daɗe a ciki sai ya cinye ƙarfe, don haka kullum Lauwali kan juye shi. Kuma bai taɓa zubar da ruwan zafi ƙasa ba sai da bisimilla, kamar yadda aka koya wa kowane ɗan Musulmi, saboda ba mu kaɗai ke zaune a kan ƙasar nan ba.

Ran nan magariba ta gabato. Leburori sun tafi alwala. Yayansa Bube kaɗai ya rage a ƙasan rijiya, yana son ƙarasa wani dutse.

"Yaya, ka fito hakanan, rana ta faɗi!"

"Kai dai ka ji da tsohuwar matarka mai tari," in ji Bube daga ƙasa, yana dariya. "Yanzu nika fitowa."

Sai injin ya sauya murya. Tukunyar ta hau tafasa, tururi na feshi. Lauwali ya san in ya bari, kan injin zai tsage. Ya cafke sifana da haƙora, ya kama marfin ƙasa da hannu biyu ya murɗe. Tafasasshen ruwa ya kwarara, ya bi wata tsaga a gefen rijiyar, ya shige.

Bakinsa na riƙe da ƙarfe. Bai yi bisimilla ba.

Ƙasa ta yi cuuu. Wari ya taso, ba na gas ba. Warin gashi ne da ya ƙone.

Sannan kukan jariri. Siriri, daga ƙarƙashin ƙafafunsa.

Injin ya yi tari sau ɗaya, ya mutu. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan gawo suka yi tsit. Ba abin da ake ji sai ruwa yana ɓulɓulowa a ƙasan rijiya.

Lauwali ya zura hannun tayarwa, ya juya. Ya ƙi motsi. Ƙarfen da ke ƙuna yanzu-yanzu ya yi sanyi kamar randa.

"Lauwali." Muryar Bube ce, ƙasa-ƙasa. Dariyar ta tafi. "Wa kat turo man?"

"Ban turo kowa ba, Yaya."

"Akwai mace nan. Tana riƙe da ɗiya."

Lauwali ya leƙa. Duhu. Can ƙasa fitilar Bube na rawa, ruwa ya kai masa ƙugu.

"Kama igiya!"

Ya ja. Ya saba jan yayansa, ya san nauyinsa. Wannan ya fi. Igiyar ta yanke masa tafin hannu. Ya kira leburori, muryarsa ba ta wuce bakin rijiyar ba.

Fitilar ta mutu.

"Ta riƙe man ƙafa," in ji Bube, kamar mai raɗa.

Igiyar ta fara komawa ƙasa.

Wata murya ta hauro ta cikin tiyon injin. Ta mace ce, ba faɗa a cikinta, sai gajiya.

"Wa yaz zuba?"

Ruwa na hawa. Ya ji Bube ya fara shaƙewa.

Ya durƙusa, ya kai baki ga tiyon.

"Ni na. Ba shi ba na. Baiwar Allah, ban sani ba. Ki sake shi, don Allah da ya yi mu da ku."



Sai wani abu mai zafi ya sauko masa tun daga wuya har ƙugu, a hankali, kamar ana tsiyaya daga buta. Ya ciji leɓe, bai saki igiyar ba. Ya yi ta ambaton Allah yana ja. Nauyin ya ragu. Kan Bube ya ɓullo, suka zube tare a kan yashi.

Da leburori suka dawo, suka cire wa Lauwali riga. Rigar a bushe take. Bayansa duk ya saluɓe.

Ya yi jinya a Tambuwal har damina ta wuce. Bube bai ƙara shiga rami ba, ya koma noman gero. Injin kuwa ya tashi da kansa washegari, ya kuma yi shekaru yana aiki.

Lauwali ya koma kula da injin. Amma tun daga nan a daro yake tare ruwan zafin, ya rufe, ya bar shi ya huce. Kowace safiya sai ya tarar an buɗe, ruwan ya ragu, kamar an yi wa yaro wanka. A gefe akwai ɗan sawu a kan yashi.

Sawun ya yi ta girma shekara bayan shekara. Ƙafar hagu ja take yi.