Bahagon Ajin Saƙa

Ranar da ya fara leƙo ajin, Malama ta ɗauka ɓatan hanya ya yi. Ƙaton saurayi da kayan gareji ya tsaya a ƙofar ɗakin bayan laburare, inda duk Asabar take koya wa manya masu koyon Turanci saƙa kyauta, don bakinsu ya saba da hira yayin da hannu ke aiki.

"Malamin Turancinmu ne ya turo ni," ya ce da Hausa, bayan Turancin ya ƙare masa. "Wai na cika shiru."

Ta danne dariya, ta miƙa masa tsinken saƙa biyu da ulu. Sati uku ana abu ɗaya: ta nuna, ya kwaikwaya, zare ya cukurkuɗe. Sai ranar da ta ga ya ɗauki kofin shayi da hagu.

"Ashe bahago ne kai, ka bar ni ina ta fama."

Ta ja kujera ta zauna gabansa kamar madubi, damanta ya zama hagunsa. Nan take saƙa ta miƙe. Sai dai mai zama gaba da gaba dole ya kalli fuska, kuma Bahago bai taɓa wasa da wannan ɓangaren darasin ba. Matan ajin suka fara tarin gulma.

Ran nan saƙonsa ya shigo: "Malamata, yau na ƙirga layi ashirin da Turanci ban yi kuskure ba. A na ashirin da ɗaya na tuna murmushinki, sai da na warware."

Ta amsa: "Ɗalibina, warwara ba faɗuwa ba ce. A sake ɗaurawa."

Da maganar aurensu ta isa gidan su Malama, mahaifiyarta Umma ta ce sam.

"Namijin da ya rasa abin yi sai saƙa? Ga mai kantin maganin unguwa nan yana son ki, shi ya san ciwona."

Umma ce ta koya wa Malama saƙa tun tana ƙarama. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye, rigar sanyin da take saƙa wa 'yarta ta tsaya saura hannu ɗaya, aka tura kwandon saƙar saman kabad. Tun daga nan ko sunan saƙa ba ta son ji. Malama kuwa ba za ta yi aure babu yardar Umma ba, ko da zuciyarta za ta tsage. Ta faɗa wa Bahago komai tana hawaye.

Asabar uku bai zo aji ba. Ta ce shi ke nan, ya gudu.

A ta huɗu ya yi sallama a gidansu. Ya durƙusa ya gaida Umma, ta amsa da ƙyar. Ya zauna, ya soke tsinke ɗaya a hammatarsa ta dama, ya cusa hannun dama a aljihu, ya shiga saƙa da hagu kaɗai. Abin da ya ɓoye shi sati uku ke nan.

Umma ta kau da kai. Can ta saci kallo.

"Zaren nan ya yi tsauri. Noti kake ɗaurewa?"

"To Umma, ki nuna mini."

Sai Umma ta dubi 'yarta. "Ke, sauko min da kwandon nan."

Ya zauna gefenta, ya gyara mata tsinken a hammata. Layin farko ya ci rabin awa. Da ta kai ƙarshensa ta fashe da kuka, Malama ma haka.

"Mai kantin nan, magani yake kawo mini," in ji Umma tana share ido. "Wannan kuwa, hannuna ya dawo mini da shi."

Ranar aure amarya ta ɗora rigar sanyin kan kwalliyarta, hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, ta ce kowa ya kuskura ya gyara sun ɓata.

Umma ta dafa kan ango da hagunta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma ɗana, Asabar ka zo ka ɗauke ni. Ajin nan naku yana buƙatar wadda ta iya."